Shekarar da Shamuwa Ba Su Sauka Gidanmu Ba

Alhamis, 3 ga Afrilu, 2025

Mun dawo da Baba gida daga asibitin Dutse. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai an kasa kunne. Likita ya ce abin da ya rage jinya ce da addu'a. Yaya Muntaka ne ya goya shi daga mota zuwa ɗaki, ni na bi su da buta da ledar magani ina kallon ƙasa, don kar mutanen da suka taru a ƙofar gida su ga fuskata.

Na bar shagon ɗinkina na Dutse a hannun Zakiyya mai taya ni aiki, na ce mata 'yan kwanaki zan yi. Hamida matar Yaya ga goyo ga girki, ga kunyar suruki. Ni ce ba miji ba ɗa, to ni ce mai jinya. Ba wanda ya faɗa, amma kowa ya sani.

Wadda ta fi kowa murna ita ce Auta. Tunkiyar nan da uwarta ta mutu ta bar ta, Baba ya raine ta da madara a kwalba shekarar da Inna ta rasu. Ni ce auta a gidan nan kafin ta zo ta ƙwace min suna. Tana jin muryarsa ta tsinke igiya, ta zo ta cusa kai a ƙofar ɗaki tana ta kuka. Ya miƙa mata hannun hagu. Ni da na kwana da shi a asibiti ban samu wannan hannun ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na zagaya bayan gida zubar da toka, na ɗaga kai. Gawon Baba. An yi masa aski tal-kwabo, ba reshe ko ɗaya, sai kututture da dungulmin hannuwa a sama.

A kan gawon nan shamuwa ke sauka kowace shekara tun kafin a haife ni. Baba baƙinsa yake ce musu. Da rani yakan hau ya sassaro wa dabbobi ganye, tunda gawo shi kaɗai ke kore idan komai ya bushe, amma rassan ƙasa kawai yake taɓawa. Na can ƙololuwa, inda sheƙunan suke, ya ce ɗakin baƙi ne, ba a shiga da gatari. Kuma ba ya fitar da iri daga rumbu sai sun sauka, ko da garin nan kaf ya gama shuka. Ranar da suka zo yakan tsaya a gindin bishiyar ya ce, "Maraba, kun sha hanya." Inna ta daka gumba a raba wa yara sadaka.

Na samu Yaya a zaure. Bai bari na gama ba. Ya ce harawa ta ƙare muna asibiti, Auta ta ƙi dusa, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, ya ji tsoron Baba ya dawo ya tarar ta mutu. Rassan ƙasa suka ƙare, ya hau na sama. "Ba kowa a cikin sheƙar fa, Adawiyya, tarin ƙirare ne." Na ce to su da za su dawo, a kan me za su zauna, a kan rawaninka? Ya ce in san da wa nake magana.

Baba bai sani ba. Daga ɗakinsa ba a hango gawon.

Talata, 8 ga Afrilu

Zafi. Kaji ma baki buɗe suke yawo. Auta ta tauna min gefen hijabi a kan igiya.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Abin dariya, ni ce ke damuwa da shamuwa. Ni da na tashi ina tsine musu. Duk damina ni ce mai sharar kashinsu, su ɓata shanya, su yar da mushen kwaɗo a bakin randa, ga ƙarni. Na taɓa jifan ɗaya da marfin kwano, Baba ya kwana biyu bai amsa gaisuwata ba.

Yau ina ba shi koko ya kawar da kai bayan cokali kaɗan. Ya yi ta kokawa da bakinsa, da ƙyar na gane. "Baƙina?" Na ce da saura, Baba, ko hadari ba a fara ba. Wannan dai gaskiya na faɗa.

Ya ce ranar da suka sauka zai tashi. Ya nuna ƙafar da ba ta motsi, kamar ita yake yi wa alkawari.

Laraba, 23 ga Afrilu

Kullum tambaya ɗaya, da safe da kuma la'asar. Ya daina tambayar magani, ya daina tambayar wa ya zo dubiya.

Na gaji. Bayana ciwo, hannuna warin man zafi. Zakiyya ta kira, wai masu kaya suna ta sintiri. Na ce ta ba su haƙuri.

Litinin, 28 ga Afrilu

Sun zo.

Da hantsi ina shara na ga inuwa ta gifta tsakar gida. Na fita bayan gida da tsintsiya a hannu. Ga su nan sama, baƙaƙe, ƙirji fari tas, suna kewaya inda rassan suke a da. Sun daɗe suna kewayawa. Ɗaya ta sauko ta dira a kan dungulmin, ta juya nan ta juya can, ta sunkuya ta leƙa ƙasa kamar mai neman abin da ya faɗi. Sai ta buɗe fukafukai ta bi 'yan'uwanta.

Ban san lokacin da na ce musu don Allah ba. Da ƙarfi kuwa, har Hamida ta leƙo ta kan katanga ta ce da wa nake.

Da la'asar ya tambaya. Na ce tukuna.

Juma'a, 2 ga Mayu

Yaya ya ce sun koma kan kukar da ke bakin maƙabarta, suna ta jidar ƙirare. Hamida ta ce a'uzubillahi, kar wanda ya maimaita wannan a cikin gidan nan.

Alhamis, 8 ga Mayu

Dabarata ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ɗauko tsohon kwandon Inna, na cika shi da ƙirare da tsummokara, na sa Yaya ya hau ya ɗaure a tsakanin dungulmi biyu. Ko wasu da suka makara za su gani su ce ga gida an gina musu. Ya hau ba musu, shi da ba a aikensa. Masu wucewa gona suna tsayawa kallo, wani har da tambaya ko zuma za mu kafa.

Hankaka kaɗai ya leƙa, shi ma bai zauna ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Iska ta taso jiya da yamma, ba ruwa. Kwandon ya faɗo. Da safe na tarar Auta ta cinye rabinsa. Ita ta ci bishiyar, ita ta ci kwandon. Na zauna a ƙasa ina dariya, daga nan ban san inda dariyar ta koma ba.

Talata, 20 ga Mayu

An yi ruwan shuka. Ƙasa ta jiƙu har ƙamshinta ya shigo ɗaki, Baba ya buɗe hanci yana shaƙa. Gari ya watse gona tun asuba, kowa da sungumi.

Yaya ya durƙusa a bakin gado ya ce, "Baba, a ba mu izini mu fitar da iri." Baba ya ce, "Sun sauka?" Yaya ya ce a'a. Baba ya juya fuska bango.

A waje na ce masa ya je ya yi shukarsa mana, wa zai sani? Ya ce shi tunda yake bai taɓa zuba irin da Baba bai sa hannu a ƙwarya ya yi masa addu'a ba, ba kuma zai fara yanzu da mutumin yana kwance ba. Mutum da furfura a gemu. Ya iya hawa ɗakin baƙi da gatari, amma wannan ya fi ƙarfinsa.

Alhamis, 22 ga Mayu

Tun shekaranjiya ruwa kawai yake karɓa. Ya ce baƙi ba sa ƙin gida sai in mai gidan ya ƙare. Na ce Baba wannan wace irin magana ce, tsuntsaye ne fa. Ya rufe ido.

Tsoro nake ji. Fuskarsa ta faɗa, idanun sun zurma.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na yi. Ban shirya ba, na shiga da kofin koko na ji bakina yana cewa, "Baba, albishirinka. Baƙinka sun sauka."

Ya kalle ni, ya daɗe yana kallo. Sai rabin fuskar da ke aiki ta yi murmushi, hawaye ya bi ta ɗaya gefen. Ya ce alhamdulillahi. Ya shanye kokon tas, ya nemi ƙari. Ya sa aka kira Yaya da ƙwaryar iri, ya nutsa hannun hagu a cikin geron ya yi addu'a mai tsawo, mu muna amin. Yaya bai ɗaga ido ya dube ni ba, ni ma haka.

Ya ce a daka gumba. Na daka. Yaran unguwa suka cika zaure suna lasar hannu, suna Allah ya ba Baba lafiya. Gumbar ƙarya, kuma ta yi daɗi, har na ɗanɗana.

Allah ka gani, ba don kaina na yi ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Yana ci. Yau har da tuwo. Ya zauna da kansa an jingina shi da filo, ya kira ni in ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi. Motsin kaɗan ne, amma na gani da idona.

Sai tambayoyi. Sheƙa nawa? Gurguwar nan ta bara ta dawo? Na ce ta dawo, tana nan da ɗingishinta. Ƙarya ɗaya ta haifi 'ya'ya, kullum sai na nemo musu abinci.

Asabar, 31 ga Mayu

Ya ce bana baƙin nasa sun yi tsabta, bai ga ko tsinke a ƙofar ɗaki ba. Da ya yi barcin rana na tsinto ƙirare na watsa a tsakar gida, daidai inda zai hango. Ni Adawiyya, da na yi ƙuruciyata ina share su. Hamida ta gan ni ta shige ɗaki.

Gero ya tsiro, layi-layi.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Babbar Sallah. Ban iya rubutu ba sai yau.

Yaya ya yi masa wanka, aka sa masa farar riga da hula. Da aka sauko daga idi ya ce, "Muntaka, kai ni in gaida baƙina." Na ce rana ta yi zafi. Ya ce a kai shi. Na ce likita ya hana. Ya ce, "Muntaka." Yaya ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya juya baya ya durƙusa. Na so in riƙe rigarsa, hannuna ya ƙi.

Muka zagaya, Baba a bayan Yaya, ni a baya, Auta na bin mu. Tun daga kwanar katanga ya fara ɗaga kai, bakinsa ya riga ya fara haɗa maraba.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a wurin ba. Ya kalli kututturen daga ƙasa har sama, ya kalli sararin da ke samansa. Yaya yana ta magana, harawa, rani, asibiti. Baba ya sauke ido kan Auta da ke shinshinar ƙafarsa mai lilo.

Ya ce, "Ta ƙoshi?"

Yaya ya ce ta ƙoshi, Baba.

Ya ce, "To." Can kuma ya ce, "Ko reshe ɗaya, Muntaka."

Ni bai ce min komai ba. Da muka dawo tsakar gida idonsa ya sauka kan ƙiraren da na watsa, ya bi su da kallo har aka shigar da shi ɗaki. Da ma zagina ya yi.

Laraba, 11 ga Yuni

Ya daina tambaya. La'asar ta yi, ta wuce, shiru. Ban taɓa zaton zan yi kewar tambayar nan ba.

Idan na kai cokali yana buɗe baki, kamar mai sauke nauyi. Yatsan ya daina motsi, ko shi ya daina gwadawa, oho.

Litinin, 16 ga Yuni

Yaya ba ya shigowa sai wanka da juyi, ya yi ya fita. Gona yake wuni. Hamida ta ce ko abinci ba ya ci sosai. Ba ruwana, in ji bakina.

Da na bar Baba da gaskiya tun ranar da suka juya, da yanzu ya haƙura? Ko da tuni ya tafi? Na juya abin nan har kaina ya yi ciwo. Na ɗaga shi sama ne kawai don ya faɗo da ƙarfi.

Alhamis, 26 ga Yuni

Na durƙusa na ce Baba ka yafe min. Ya rufe ido har na zaci barci yake. Sai ya ce, "Auta." Na yunƙura zan jawo masa tunkiyar, ya riƙe bakin zanena. Rabon da ya kira ni da sunan nan tun Inna na da rai.

Ya ce Allah ya yi min albarka. Ya ce in riƙa ba ta ruwa da safe kafin rana ta ɗaga, ba ta son ruwan da ya ɗumama.

Shi ke nan abin da ya ce.

Juma'a, 4 ga Yuli

Baba ya rasu jiya da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da maza suka dawo daga kai shi, Yaya ya wuce masu gaisuwa a zaure ya shigo har inda nake. Ƙafarsa duk jar ƙasa. Ya tsuguna ya ce, "A gindin kukar aka samu wuri. Suna nan a kansa, Adawiyya, har sun ƙyanƙyashe. Muna zuba ƙasa suna ta yar mana da ƙirare." Sai ya fashe da kuka kamar yaro, ni na riƙe kansa. Ban ce masa ya yi shiru ba.

Talata, 15 ga Yuli

Masu zaman makoki sun watse. Auta ta ƙi barin ƙofar ɗakin, ta wuni tana kuka, muryarta har ta dishe. Yau na kai mata duka da tsintsiya na ce ke kika jawo. Ta matsa kaɗan ta dawo ta kwanta. Na kai mata ruwa, ya ɗumama, ta ƙi sha.

Lahadi, 3 ga Agusta

Geron ya yi kyau, kyan da har haushi yake ba ni. Duk wanda ya wuce sai ya ce gonar marigayi ta fi ta kowa bana.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ruwa tun safe. Ba abin rubutawa. Zakiyya ta ce in faɗa mata gaskiya, zan dawo ko ta nemi wata. Na ce sai an yi girbi.

Asabar, 13 ga Satumba

Na ji sara a bayan gida, na fita ko mayafi babu. Yaya ne da masu itace, har sun fara gwada gatari a gindin gawon. Ya ce ya mutu, kuma shi ba zai iya ci gaba da ganinsa kullum ba. Na ce gawo da damina dama haka yake, tsirara, ta ina ka san ya mutu? Ya ce in matsa. Na jingina bayana da kututturen na ce sai dai a haɗa da ni. Mutanen suka saɓa gatarinsu suka ce idan mun shirya a kira su.

Ban san me ya sa na yi ba. Ni ma ba na son ganinsa. Wataƙila ma ya mutun.

Lahadi, 19 ga Oktoba

An gama yankan gero, ciyawa ta fara ja. Jiya keken ɗinkina ya iso daga Dutse a bayan babur. Don kar ya yi tsatsa ne kawai, kuma matan nan sun dame ni da gyaran kayan yara. A ɗakin Baba na sa shi, ya fi haske.

Da safe na kai wa Auta ruwa, ta sha, ta ja ni bayan gida kamar yadda ta saba yanzu. Tana ta miƙa wuya jikin gawon. Na duba. A kan dungulmin sama, inda aka ɗaure kwandon, wasu 'yan tsirrai sun fito, kore shar, ba su kai tsawon yatsa ba. Ba wani abu ba ne. Kafin su zama reshen da zai ɗauki sheƙa, Allah kaɗai ya san shekarun.

Na ɗaure Auta nesa. Na ce wa Yaya bana a tara harawa da yawa, ni zan sayi dusa, kuma wanda ya hau bishiyar nan da gatari ni da shi ne. Ya tafi ya daɗe a bayan gida. Da ya dawo ya ɗauki igiya ya nufi gonar wake.

Da la'asar ina shanya sai ga inuwa. Daga wajen maƙabarta suka taso, da yawa, har da 'ya'yan bana, sun miƙa kudu. Ba su kewaya ba, ko kallon gidanmu ba su yi ba. Hamida ta ce wai ta ji na ce musu a sauka lafiya, sai baɗi, ɗaki na nan ana gyarawa. Ni dai ban tuna na ce haka ba.

Gobe zan kewaye gindin da ƙaya, saboda awakin maƙwabta.